Me ya sa muke son na ƙasa har sai ya hau, sannan mu juya masa baya?

Wani ɗan'uwa ya turo min tambaya kwanaki, ya ce abin yana ɗaure masa kai: mutum yana ƙasa ana danne shi kowa na sonsa ana masa addu'a, da zarar Allah ya ɗaga shi sai mutanen nan dai su dawo su ne kan gaba wajen zaginsa, in kuma ya mutu a koma ana kuka ana cewa ba za a sake yin irinsa ba. Ya ce Malam wannan munafunci ne irin namu, ko haka ɗan Adam yake ko'ina?

To ɗan'uwa, abin da na karanta kuma nake koyarwa kenan, wato halayyar mutum idan yana cikin jama'a, kuma gajeriyar amsa ita ce haka yake ko'ina, daga Kano har Tokyo. Amma bari in ja maganar kaɗan, don abin da yawancin mutane ba sa lura da shi shi ne tun farko soyayyar nan ta wurin da mutumin yake tsaye ce, shi kansa rabonsa a ciki kaɗan ne. Ya matsa daga wurin, soyayyar ta zauna inda ya barta tana jiran wani.

Bari in fara da ƙwallo tunda nan abin ya fi fitowa fili. Ranar 10 ga Disamba 2022 ina gidan kallo a unguwarmu, Maroko da Fotugal a kofin duniya na Qatar, wurin ya cika har wasu na tsaye a bakin ƙofa suna leƙe ta saman kafaɗar mutane. Da En-Nesyri ya yi tsallen nan ya sa ƙwallo da ka, wallahi bencin da muke kai sai da ya kife, wani yaro da ke gabana sanye da rigar Ronaldo, lamba bakwai ɓaro-ɓaro a bayansa, shi ya fi kowa ihu. Na taɓa shi na ce kai ba naka ake ci ba? Ya ce "Malam yau dai a bar su su ci, su ma ai mutane ne." Ka riƙe wannan maganar. Bayan wata goma sha uku, Janairun 2024 a Kodebuwa, Maroko ta zo gasar Afirka a matsayin wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya, kowa na cewa kofin nata ne, Afirka ta Kudu ta yi mata biyu da nema ta kora ta gida, kuma a gidan kallon nan dai, mutanen nan dai, dariya aka dinga yi har da tafi. Koci bai canza ba, yawancin 'yan wasan su ne dai, abin da ya canza kawai a Qatar su ne ƙanana, a Kodebuwa su ne manya.

Masana sun gwada wannan tun da daɗewa. A 1991 wasu malamai biyu a Amurka, Frazier da Snyder, suka ba ɗalibai labarin ƙungiyoyi biyu da ba su ma da suna, aka ce za su yi jerin wasanni bakwai kuma ta farko ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, wa kuke so ya ci? Kusan takwas cikin goma suka zaɓi mai raunin. Sai aka ce musu to mai raunin nan ta cinye wasa uku na farko a jere, saura ɗaya ta ɗauki kofi. Kusan rabin waɗanda suka goya mata baya suka sauya sheƙa suka koma wajen babbar, don yanzu ita ce a cikin matsala. Ka ga ƙungiyar da ba ta da suna ba ta da gari ba ta da ɗan wasa ko ɗaya, me za ka so a jikinta in ba matsayinta ba?

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na Joseph Vandello da abokan aikinsa a Jami'ar Kudancin Florida, 2007. Suka ba ɗalibai bayani iri ɗaya sak game da rikicin Isra'ila da Falasɗinu, bambancin kawai taswirar da aka haɗa da shi. Wasu aka nuna musu taswirar da Isra'ila ta fito ƙatuwa kusa da yankunan Falasɗinawa, wasu kuma aka nuna musu ta Gabas ta Tsakiya gaba ɗaya inda ta fito 'yar mitsitsiya a tsakiyar manyan ƙasashe. Na farko suka fi karkata ga Falasɗinawa, na biyu suka fi karkata ga Isra'ila. Ba hukunci nake yankewa kan rikicin ba, ni ma ina da ra'ayina kuma ba taswira ce ta ba ni shi ba, abin da nake nuna maka shi ne ga mutumin da bai san zancen sosai ba girman zane a takarda kaɗai ya isa ya juya masa zuciya. Shi ya sa duk mai neman goyon baya a duniyar nan ƙoƙarinsa ya nuna shi ne ƙarami, har gwamna mai ci da jerin gwanon motoci za ka ji yana cewa manya sun taru a kansa.

Me ke jawo haka? Abu na farko adalci. Mutum yana da wani ma'auni a ransa da ba ya son ganin abu ya taru a hannu ɗaya, in ya ga rinjaye ya yi yawa sai ya ji kamar akwai rashin gaskiya a ciki ko da babu. A binciken Vandello ɗin nan sun ga mutane na ɗauka na ƙasan ya fi zage damtse, wato suna kallon wasa ɗaya amma idonsu na ganin ƙaramin ya fi zufa, babban kuma baiwa ce kawai ke ɗauke da shi, kuma mu mutane muna ganin mai wahala ya fi cancanta da samu. Sun kuma ga cewa in aka ce ƙungiyar ba a sa ran za ta ci amma fa ta fi kowa kuɗi, tausayin sai ya gudu. Rashin nasara kaɗai ba ya sa a so ka kenan, sai an ga an fi ka ƙarfi kuma ba laifinka ba ne.

Mu kam da wannan aka yaye mu. Duba tatsuniyoyin da kakanninmu suka yi mana a tsakar gida, wa ke cin nasara? Auta ne, ko marainiyar da kishiyar uwa ke aika ta rafi da dare, ko Gizo da ba shi da ƙarfin komai amma ya yi wasa da hankalin zaki da kura. Ban taɓa jin tatsuniyar da aka ce zaki ya fi kowa ƙarfi, ya fito ya cinye kowa, ƙurunƙus ba. A filin dambe ma haka, in ɗan siririn yaro ya kayar da ƙato filin gaba ɗaya ke tashi har da 'yan ɓangaren ƙaton, ana ta cewa ɗan hakin da ka raina.

Sai abu na biyu da mutane ba sa son ji: goyon bayan na ƙasa ba shi da tsada. In ya faɗi dama an san zai faɗi, ba ka yi asarar komai ba, in ya ci kuma daɗin ya ninka. Akwai binciken da Scott Allison da abokansa suka fitar a 2008 da ya nuna mutane na tare da ƙaramin ne muddin abin bai shafe su ba, da zarar aka ce sakamakon zai taɓa lafiyarsu ko aljihunsu sai su koma wajen babban. Kai ma gwada kanka, kana tausayin sabon likitan da ya buɗe ɗan asibiti a lungu manyan asibitoci sun danne shi, kana masa fatan alheri da zuciya ɗaya, amma ranar da aka ce mahaifiyarka za a yi wa tiyata ina za ka kai ta? Yauwa.

Ga kuma ɗaya gefen, don kar ka ɗauka kullum na ƙasa muke bi. Robert Cialdini a 1976 ya sa aka dinga ƙirga ɗaliban da ke sa rigar jami'arsu ran Litinin a jami'o'i bakwai na Amurka, ya ga in ƙungiyar makarantar ta ci wasa a ƙarshen mako masu sa rigar sun fi yawa, kuma in aka tambaye su yadda wasa ya kaya, in an ci sai su ce "mun ci", in an sha kashi sai su ce "an cinye su". Duk wanda ya zauna da 'yan Arsenal ko 'yan Manchester ya san wannan ba sai an kai shi Amurka ba. To abin da ke faruwa, zuciya tana son abu biyu a lokaci guda, tana son a ganta da mai nasara kuma tana son a ce tana da tausayi, kuma babu inda biyun ke haɗuwa sai a kan na ƙasan da ke kan hanyar hawa. Wannan ɗan tsakanin, lokacin da ya fara ci amma bai gama zama babba ba, nan ne soyayya ke kai ƙololuwa. Leicester City a kakar 2015/2016 kenan, da masu caca suka ba ta 5000 da 1, wato kusan ba mai sa ran za ta ɗauki kofin Firimiya, duniya gaba ɗaya ta koma bayanta. Wata tara bayan ɗaukar kofin, Fabrairun 2017, aka sallami kocinta Ranieri.

Yanzu mu zo kan shugabanni, inda na san nan tambayarka ta fi nufa. Matsalar a nan ita ce muna ba shugaba alhakin abin da ya fi ƙarfinsa, alheri ko sharri. James Meindl da abokansa sun yi rubutu a kan wannan a 1985, suka nuna in kamfani ya samu riba mai yawa ko ya tafka asara mai yawa mutane da jaridu shugaban suke kallo, ba sa son jin zancen kasuwa ko farashi ko sa'a, don ƙwaƙwalwa ta fi son labari mai fuskar mutum a ciki. "Farashin ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya" ba ya shiga rai kamar "wane ya kashe ƙasa". An ma yi wani gwaji a 2001, Roberto Weber da Colin Camerer da wasu, aka ba mutane wani wasa na haɗin kai wanda in mutum biyu ne yana da sauƙi, in kusan goma ne kuwa da wuya ya yiwu ko wa ke jagora. Aka ɗauki shugaba ta hanyar canki-canka, ya tashi ya yi ɗan jawabi. Ƙananan rukunai suka yi nasara suka yabi shugabansu, manyan suka kasa suka ce shugabansu ne bai iya ba. Alhali yawan mutanen ne ya yanke hukuncin tun kafin ya buɗe baki.

Kuma yadda muke zaɓen shugaban ma abin kunya ne in ka duba. A 2009 John Antonakis na Jami'ar Lausanne ya nuna wa yara 'yan shekara 5 zuwa 13 a Suwizalan hotunan 'yan takarar majalisar Faransa biyu-biyu, mutanen da ba su taɓa gani ba, ya ce wa kuke so ya zama direban jirgin ruwanku? Kusan sau bakwai cikin goma yaran suka nuna wanda ya ci zaɓen da gaske. Yara fa, daga kallon fuska. Mu nan muna da kalmarsa ma, kwarjini, sai ka ji an ce wane yana da kwarjinin mulki, ka tambaya me ya taɓa yi a rasa amsa.

Amma abin da ya fi fuska ƙarfi shi ne mutane su ji cewa namu ne. Shugaban da ake mutuwar so shi ne wanda in an kalle shi ake ganin kai, irin mu ne kuma dominmu yake yi. Malam Aminu Kano bai taɓa zama shugaban ƙasa ko gwamna ba, tun daga NEPU a 1950 har rasuwarsa a Afrilun 1983 kusan kullum a ɓangaren da aka fi ƙarfi yake, magoya bayansa sun sha ɗauri da bulala a hannun 'yan doka, ga gidansa nan a Gwammaja kowa ya san yadda yake. Talaka ya kalle shi ya ga kansa. Kuma, wannan ra'ayina ne kana iya ƙin yarda, rashin hawansa kujerar yana cikin abin da ya tsare masa sunansa, don bai taɓa zama wanda za a tambaya ina ruwa ina wuta ina albashi ba.

Kwatanta da Buhari, ba siyasa na zo yi ba, misali ne kawai da kowa ya gani da idonsa. Ya faɗi a 2003, ya faɗi a 2007, ya faɗi a 2011 har ya zubar da hawaye a bainar jama'a wajen rufe kamfe, kuma kowace faɗuwa ƙara masa masoya take, don a idon talakan Arewa shi ne mai gaskiyar da masu kuɗi da masu mulki suka taru suka danne. Mutanen da ba su da na cefane sun sayi kati sun tura masa gudummawa. Ranar da aka rantsar da shi a 2015 ya tashi daga wanda ake zalunta ya koma wanda ake kai wa ƙara, kuma duk wani buri da mutane suka ɗora masa na shekara goma sha biyu ya zama bashi a wuyansa. Ban ce ba shi da laifi a abin da ya biyo baya ba, wanda aka kashe wa ɗan'uwa a Zamfara ko Katsina, ko wanda buhun shinkafa ya gagare shi, yana da hujjarsa kuma ba hassada ce ke damunsa ba. Abin da nake cewa ko da ya yi abin kirki fiye da haka ba zai taɓa cika ma'aunin da aka auna shi da shi lokacin yana ƙasa ba, don wancan ma'aunin na mafarki ne. Ba mu kaɗai ba, Churchill ya ja Ingila ta ci yaƙin duniya na biyu, a Yulin 1945 suka kayar da jam'iyyarsa a zaɓe. Shugaban Amurka Bush ƙarami farin jininsa ya tashi daga kashi 51 zuwa 90 cikin 100 bayan harin 11 ga Satumba 2001 ba tare da ya yi wani abin a zo a gani ba tukuna, tsoro ne kawai ya tara mutane a bayansa, kafin ƙarshen 2008 ya sauko 25.

Saura zancen mutuwa. Mamaci ya fi rayayye daɗin so saboda ya daina ba ka kunya, ba zai sake yin kuskure gobe ba, ba ya takara da kowa, kuma ba zai tashi ya ce ba haka na faɗa ba, kowa sai ya ɗora masa abin da yake so. Ga tarbiyyarmu kuma ta kame baki daga aibata mamaci. In mutuwar ta zo da wuri kuma ta hanyar kisa to an gama. Murtala kwana kusan 200 ya yi a mulki, daga ƙarshen Yulin 1975 zuwa 13 ga Fabrairu 1976 da aka harbe shi a cikin cunkoson motoci a Legas yana da shekara 37, ya ƙirƙiro jihohi suka zama 19, ya yanke shawarar mayar da babban birni Abuja, ya kuma kori ma'aikatan gwamnati sama da dubu goma, wanda har yau akwai masana da ke ganin korar nan ta yi wa aikin gwamnati illa don ta koya wa ma'aikaci cewa kujerarsa ba tabbas gara ya tara na gobe. Da ya shekara takwas Allah kaɗai ya san me za mu ce a kansa. Sankara na Burkina Faso ma 37 yake da aka kashe shi a Oktoban 1987. Kuma ko gwarzon ma na wasu ne, ka je Asaba ka ambaci Murtala, abin da za su tuna shi ne kisan da sojojin rundunarsa suka yi a garin a Oktoban 1967, alhali mu hotonsa muke gani a naira ashirin.

Akwai wani ɓangare da na fi so ɗalibaina su riƙe, shi ne yadda muke yi da gwarzon gaske yana raye a kusa da mu. Benoît Monin na Stanford ya nuna a 2008 cewa in mutum ya ƙi yin wani abu don yana ganin bai dace ba, 'yan kallo daga nesa suna yaba masa, amma waɗanda su suka riga suka yi abin haushinsa suke ji, don tsayuwarsa kamar tuhuma ce a kansu ko bai ce musu uffan ba. Hugh Thompson matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne na sojan Amurka, a Maris 1968 ya ga 'yan uwansa sojoji na karkashe mutanen ƙauyen My Lai a Biyetnam, mata da yara da tsofaffi, ya sauke jirginsa tsakaninsu da mutanen ya ce wa yaransa in sojojin suka ci gaba da harbi su buɗe musu wuta, ya kwashe waɗanda ya iya ya kuma kai rahoto. Da ya koma gida wasiƙun barazanar kisa ya dinga samu, har a majalisa aka samu mai cewa shi ya kamata a hukunta. Sai 1998, bayan shekara 30, aka ba shi lambar girmamawa kan abin da ya yi.

Na ga ƙaramin irin wannan a wani ofis da na taɓa aiki, wani akawu ya ƙi sa hannu a takardar kuɗin da kowa ya san ta bogi ce, mu da abin bai biyo ta teburinmu ba muna ta cewa kai wane namiji ne, waɗanda suka riga suka sa nasu hannun kuwa suka daina amsa masa sallama, sunansa ya koma "Waliyyi" ana faɗa ana taɓe baki, ko kuɗin shayi aka tara ba a zuwa teburinsa. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa ba wanda ya ce ƙala, har da ni, kuma a walimar sallamar da aka haɗa masa wanda ya fi kowa tsawaita jawabin yabo shi ne wanda ya rubuta takardar canjin.